Tafiya Daidai da Sawun Yara: Zaɓi Tsakanin Aiki Biyu

Karatu: Farawa 33:1-17

  

Sau da yawa idan an tashi daga sujada, wani ɗan'uwa ko wata 'yar'uwa takan ja mu gefe ta ce, “Mai bishara, a taya ni da addu'a. Na daɗe ina neman aiki ban samu ba, yanzu ga biyu sun zo lokaci ɗaya. Ɗaya yana da kuɗi amma zai raba ni da yara. Ɗayan kuwa yana kusa da gida, amma albashin ba zai kai ƙarshen wata ba. Wanne ne nufin Allah?”

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Idan mutum ya zaɓi kuɗi kawai, yana iya wayi gari ya ga yaransa sun girma ba su san shi ba. Idan kuma ya ƙi aikin kirki saboda tsoro, yana iya kasa biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Littafi Mai Tsarki bai rubuta sunan aikin da za ka ɗauka ba, amma ya ba mu ma'auni. Yau za mu duba ma'aunin nan tare.

Abin da Yakubu ya gani

A karatunmu, Yakubu yana komowa gida bayan ya yi wa Laban barantaka shekara 20. Ya san zafin aiki. Rana ta buge shi, sanyin dare ya kama shi, maigidansa kuma ya sāke masa lada har sau goma. A hanya ya gamu da wansa Isuwa, wanda ya zo da mutum 400. Bayan sun rungume juna sun yi kuka, sai Isuwa ya ce su kama hanya tare.

Ku duba irin zarafin da Yakubu ya samu. Tafiya da mutum 400 tana nufin tsaro a jeji, da saurin isa, da zama a inuwar babban mutum. Amma Yakubu ya waiwaya ya dubi abin da yake bayansa. Ya ga ƙananan yara, ya ga tumaki da shanu masu shayarwa. Sai ya roƙi wansa ya yi gaba, domin idan aka matsa wa dabbobin ko da kwana ɗaya ne za su mutu, shi kuwa zai bi a hankali yadda yaran za su iya. Daga nan ya nufi Sukkot, ya gina wa kansa gida, ya yi wa dabbobinsa bukkoki.

Mai yiwuwa Yakubu yana da wani dalili kuma, wato bai gama sakin jiki da Isuwa ba tukuna. Amma abin da ya faɗa game da yara gaskiya ne. Mai tafiya da yaro ba shi yake yanke saurin tafiya ba, ƙafar yaron ce take yankewa. Yakubu bai fasa tafiya ba, bai kuma zubar da dukiyarsa ba. Ya dai auna saurinsa da ƙarfin waɗanda Allah ya danƙa masa.

Ba yau aka fara ba

Kakanninmu a kan dutsen nan sun san wannan magana. Tun farkon ƙarni na 20 da kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza, maza suka riƙa barin gona da iyali suna zuwa bariki neman kuɗin haraji. Jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, garin ya cika da baƙi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta kwaso dubban mutane ta sa su aikin tilas a ramukan kuza, da yawa kuma suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Su ba a ba su zaɓi ba. Mu da aka ajiye mana ayyuka biyu aka ce mu ɗauki ɗaya, bari mu fara da godiya.

Daga baya Jos ta zama babban birnin Jihar Filato, aikin gwamnati da na asibiti da na makaranta suka yawaita. A 1991 aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja, sai hanyar Hawan Kibo da Akwanga da Keffi ta cika da iyaye maza masu tafiya ran Litinin da asuba, su komo ran Jumma'a da dare. A 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tsalle. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kowane magidanci ya san iyakar inda kuɗin nan yake kaiwa a kasuwar Farin Gada. Saboda haka a gidaje da yawa dole miji da mata su fita nema. Wannan ba zunubi ba ne. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana saye da sayarwa, har gona ta saya. Lidiya 'yar kasuwa ce. Bilkisu da mijinta Akila suna ɗinkin alfarwa tare. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Timoti da kakkausar murya a kan mai bi wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8).

To, yaya za mu auna? Ga tambayoyi biyar.

Tambaya ta ɗaya: Nawa ne zai shigo gida?

Ubangiji Yesu ya koya mana cewa mai son gini yakan zauna tukuna ya yi lissafi (Luka 14:28). Albashin da aka faɗa maka dabam, abin da zai shiga tukunya dabam.

Bari mu yi misali. A ce wata 'yar'uwa tana zaune a Bukuru, tana da ɗa mai shekara huɗu da jaririya mai wata takwas. An ba ta aikin koyarwa a wata makaranta kusa da gida, naira 75,000 a wata. Da ƙafa za ta je, ta fita ƙarfe bakwai da rabi, ta komo ƙarfe biyu da rabi. An kuma ba ta aiki a wani kamfani wajen Terminus, naira 160,000, har da Asabar. Za ta fita ƙarfe shida da rabi na safe, ta komo ƙarfe bakwai na yamma.

A ido, bambancin naira 85,000 ne. Amma mu ɗauki biro. A ce kuɗin mota zuwa da komowa naira 1,500 ne a rana. A kwana 26 ya zama 39,000. Abincin rana a waje, a ce 15,000. Mai kula da yara daga safe har dare, a ce 25,000. Duka 79,000 ke nan, saura 81,000. A aikin koyarwa kuwa, a ce tana ba maƙwabciya 10,000 don riƙe jaririya da safe, saura 65,000. Ashe bambancin gaske 16,000 ne.

Yanzu mu ƙidaya lokaci. Aikin kamfani zai raba ta da gida awa goma sha biyu da rabi a rana, wato awa 325 a wata. Na koyarwa awa bakwai a rana, kwana 22, wato awa 154. Ke nan za ta ba da ƙarin awa 171 a bakin naira 16,000. Kowace awa ba ta kai naira ɗari ba.

Ba mu ce lissafin kowa zai fito haka ba. Wani lokaci babban albashin yakan yi rinjaye ƙwarai ko bayan an cire kome. Akwai kuma gidan da naira 16,000 ita ce maganin tsohuwa mai hawan jini. Abin da muke cewa shi ne, kada a yanke shawara kafin a rubuta lissafi a takarda.

Tambaya ta biyu: Me aka rubuta?

Yakubu ya sha wuya a hannun Laban domin maganar baki ce kawai a tsakaninsu. Kafin ka bar aikin da kake yi, nemi takardar ɗaukar aiki. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika. Ta ba mace mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata shida tana aikin. Ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba da mama. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16, tun 2021 kuma aka amince a ba uba hutun kwana 14 idan matarsa ta haihu. Dokar fansho ta 2014 ta ce inda tsarin ya shafa, mai ba da aiki zai zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8.

Saboda haka ka yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Akwai fansho? Akwai inshorar lafiya da za ta haɗa da yara? Ana biyan albashi a kan kari? Idan makaranta ce, ana biya a lokacin hutu? Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, za a bar ni in kai shi asibiti? Amsa mafi kyau tana bakin waɗanda suke aiki a wurin, musamman masu ƙananan yara. A nan ne wani lokaci aikin da yake nesa yakan fi na kusa, domin albashi mai tabbaci da inshora suna tsare gida a ranar wahala.

Tambaya ta uku: A hannun wa za mu bar yaran?

Wannan ita ce tambayar da aka fi gudu. Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune da a tafe, da lokacin kwanciya da na tashi (Maimaitawar Shari'a 6:6-7). Ku lura, ba a ce ran Lahadi kaɗai ba. Yaro yana koyo ne a wajen wanka, a wajen cin tuwo, a hanyar rafi. Wanda ya fi daɗewa da shi, shi ne malaminsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masana lafiya na duniya suna ba da shawara a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Ga sanyin Jos a watan Disamba da Janairu, mun san yadda yake kama ƙirjin yara. Ga tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa a gefen unguwanninmu, da rijiyoyi marasa murfi. Ƙaramin yaro yana bukatar idon babba.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Da yawa cikinmu mukan je ƙauye mu ɗauko yarinya 'yar shekara goma, mu yi wa iyayenta alkawarin makaranta, sa'an nan mu ɗora mata goyo daga safe har dare. Yarinya ba ta renon yarinya. Dokar Kare Hakkin Yara ta 2003 ta hana sa yaro aikin gida a wajen gidansu da danginsu. Ko da 'yar ƙanwarka ce, Allah yana ganinta kamar yadda yake ganin naka. Idan aikin da za ka ɗauka ba zai yiwu ba sai an hana 'yar wani karatu, to, ba ka gama lissafi ba.

Akwai kuma maganar harshe. Mu Berom ne, Ngas, Tarok, Mwaghavul, Irigwe, Afizere, Anaguta, Goemai, Ron, da sauransu. A majami'a da kasuwa muna Hausa, a makaranta ana Turanci. Harshen kakanni ba shi da wurin zama sai cikin gida. Idan baba da mama ba sa nan, wa zai yi wa yaro magana da shi? An sha wuya shekara da shekaru ana juya Maganar Allah zuwa harsunanmu, da yawan aikin nan kuwa a nan Jos aka yi shi. Abin baƙin ciki ne jika ya je ƙauye ya kasa gai da kakarsa. Timoti ya gaji bangaskiya daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Idan akwai kaka mai ƙarfi da za ta zauna da ku da yardar ranta, wannan babbar albarka ce, amma a kula da ita, kada a mai da ita baiwa.

Tambaya ta huɗu: Idan rana ta ɓaci, wa zai isa wurin yaran?

Mu mazauna Jos ba mu manta da 7 ga Satumba 2001 ba, ko Nuwamba 2008, ko Janairu 2010. Iyaye da yawa suna wurin aiki, yara suna wani gefen gari, hanya ta rufe. Kirista da Musulmi duka sun yi kuka a kwanakin nan. Muna roƙon Allah kada a maimaita, muna kuma neman zaman salama da maƙwabtanmu. Amma hikima ce a yi tambaya: idan aka sa dokar hana fita ba zato, ko yaro ya faɗi a makaranta, minti nawa zai ɗauke ni in isa? Idan ni ba zan iya ba, wa zai je? Ya kamata a kowane gida a sami aƙalla babba ɗaya da zai iya isa wurin yara da sauri.

Ga 'yan'uwa maza da aka kira aiki Abuja ko Kaduna ko Legas, muna da kalma. Aikin nesa tukunya biyu ne, haya biyu, da kuɗin hanya. Akwai kuma jarabar kaɗaici, ga miji, ga mata. Ba mu ce kada a je ba. Amma ku tuna da kabilar Ra'ubainu da ta Gad a Littafin Ƙidaya 32. Kafin su haye Urdun, sai da suka gina wa ƙananansu garuruwa masu garu, suka kuma san sharaɗin da za su cika kafin su komo. Kai ma kafin ka tafi, ka shirya inda iyali za su zauna lafiya, ka yanke sau nawa za ka riƙa zuwa, ku kuma sa wa'adi: bayan shekara ɗaya ko biyu, ko iyali su biyo ka, ko kai ka komo. Reno ba aikin mata kaɗai ba ne. Ubanni ne manzo ya kira da suna a Afisawa 6:4. Eli babban firist ne, yana hidima a ɗakin Allah, amma bai kwaɓi 'ya'yansa ba, gidansa kuwa ya rushe. Wannan gargaɗi ya shafe mu ma'aikatan ikkilisiya kafin kowa.

Tambaya ta biyar: Me aikin zai yi wa raina?

Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun yana da ruwa da ciyawa, ya zaɓa. Lissafin dabbobinsa daidai ne, amma bai tambayi halin mutanen Saduma ba (Farawa 13). Ƙarshenta ya fito ba dukiya, ba mata. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ka tambaya: a wurin nan za a sa ni in rubuta ƙarya a takarda, ko in karɓi cin hanci, ko in rage mudu? Zan sami zuwa sujada? Mun sani ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da masu gadi sukan yi aiki ran Lahadi bi da bi, wannan hidima ce ga jama'a, ba mu hukunta su. Amma aikin da zai raba ka da taron masu bi kowane mako, wata da watanni, zai busar da kai a hankali. Kuma idan kullum za ka shigo gida a gajiye kana faɗa, yara suna ɓuya idan sun ji muryarka, to, albashin ya yi tsada.

Yadda za a yanke shawara

Da fari, miji da mata su zauna tare bayan yara sun yi barci, da takarda da biro. Kada maigida ya karɓi aiki sa'an nan ya zo ya ba da labari. Kada kuma ya hana uwargida aikin da ya fi nasa albashi saboda kishi. A wani gida hikima ita ce mama ta ɗauki babban aikin, baba ya riƙe wanda zai bar shi ya ɗauko yara daga makaranta. Ba abin kunya a ciki.

Na biyu, ku yi addu'a tare, ku roƙi hikima, gama Allah ya yi alkawarin ba da ita ga mai roƙo (Yakubu 1:5). Ku yi hankali da mai cewa ya ga wahayi a kan aikinku alhali bai tambayi ko yaranku nawa ba.

Na uku, ku nemi shawarar dattijo ko uwa a Zumuntar Mata wadda ta riga ta bi hanyar nan. Shawara ɗaukar ɗaki.

Na huɗu, ku tuna ƙuruciya ba ta daɗewa. Shekarun da yaro yake bukatar a ɗauke shi a goya kaɗan ne. Aikin da bai dace da ku bana ba, yana iya dacewa bayan shekara uku. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kun zaɓa, ku sa ranar da za ku sāke dubawa, a ce bayan wata shida. Idan kun ga kun yi kuskure, gyara ba faɗuwa ba ce.

Kalma ga ikkilisiya

Akwai waɗanda suke jinmu yanzu suna cewa, “Ni ba ni da zaɓi.” Gwauruwa mai yara uku wadda dole ta fita tun duhu. Uba wanda matarsa ta rasu. Wanda aka kora daga ƙauyensa yana zaman haya a gari. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka ɗauki wa'azin nan ya zama maka bulala. Allah da ya sa 'yar Fir'auna ta biya uwar Musa lada don ta shayar da ɗanta, ya san halin da kake ciki.

Amma nauyin yana kanmu mu sauran. Ikkilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai don kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci (Ayyukan Manzanni 6). Ɗakunan makarantar Lahadi da yawa a rufe suke daga Litinin zuwa Asabar. Me zai hana dattawa da Zumuntar Mata su shirya wurin reno mai tsabta da araha, da manyan mata amintattu, a riƙa biyansu hakkinsu? Me zai hana maƙwabta uku su raba kwanakin ɗauko yara? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin yaran da ka ba mu, mun gode domin aikin hannu. Ka ba da aiki ga masu nema. Ga waɗanda suke tsaye a mararraba, ka ba su hikima su auna da gaskiya, ka raba su da kwaɗayi da tsoro. Ka haɗa kan miji da mata. Ka riƙe gwauraye da marayu. Ka ba garinmu Jos salama. Ka koya mana tafiya yadda ƙanananmu za su iya bi, har mu isa gida tare. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Don tattaunawa a gida

1. A mako guda, awa nawa yaranmu suke samu tare da baba, nawa kuma tare da mama?
2. Da wane harshe muke addu'a da yaranmu, wa kuma yake koya musu namu?
3. Wane gida ne a unguwarmu yake bukatar taimakonmu wajen kula da yara a wannan wata?